Madubi Biyu a Kan Bindigar Yiddo

Gandun La Porfiada,
Ranar Talata.

Zuwa ga Tufic Jalil,
Shagon Doña Zulema, General Acha.

Daga ni Don Bautista Errecalde, mai wannan gandu da shanunsa da bareyinsa da kowace ƙaya da ta tsiro a cikinsa.

Bayan gaisuwa, irin wadda ubangida ke yi wa yaronsa alhali ransa a ɓace, ina fatan kana lafiya. Yaya mahaifiyarka da ciwon ƙafarta? Yaya kasuwa? Yaya karyarka Mora? Ita ce na tambaya da zuciya ɗaya, sauran don kada a ce ba ni da tarbiyya ne.

Na ba Cholo mai motar gas wannan takarda ya danƙa maka hannu da hannu, tunda an ce ka kashe waya ka shige bayan kanta kana auna wa mata alkama. Sana'a ce mai kyau, kuma ta dace da kai. Buhun alkama ba ya gudu, ba ya juya kai, ko makaho ba ya kuskurensa.

Al'adar gidan nan ka san ta, amma zan tuna maka don na ga alamar ta kwance maka. Tun zamanin mahaifina, idan watan rurin bareyi ya zo ƙarshe, baƙin farauta suka kwashi ƙahoninsu suka tafi, akan bar wa iyalin kakanku Don Salim, wanda kuke kira Yiddo, tsohon toron barewa guda. Ku harba da bindigarsa, ku yanka yadda addininku ya ce, a hura wuta kowa ya ci. Bara juyin Nayib ne, ɗan kawunka Amado, yaro mai hankali da natsuwa da kyan sura wanda ban taɓa ganin kamarsa ba a faɗin La Pampa. Harsashi ɗaya ya yi aiki da shi. Bana juyinka ne, kawunka kuwa ya zaɓa maka Mai Rassa, toron da duk muka tsufa muna jin rurinsa.

Shekarar nan da ka yi kana jan Turawa farauta a duwatsun Neuquén ita ta lalata ka. Ka tafi da kunya, ka dawo da madubin bindiga mai tsawon damtsen mutum da baki mai tsawon madubin. An gaya mini yadda ka zauna ana shan shayin mate, ka ɗauko bindigar kakanka ka kwance madubin da ya shekara arba'in a kanta, kana cewa, "Kawu, wannan ai na leƙen kaji ne. Duniya ta wuce nan."

Kawunka ya ce, "Kajin da ya leƙa da shi su suka yi wa uwarka aure."

Ba ka ji ba. Ka shiga yi musu karatu. Wai madubi iri biyu ne, mai gicciyen saiti a gaba da mai gicciyen saiti a baya. Wai naka na gaba ne: in ka murɗa zobe ka jawo dabba kusa, gicciyen ya girma tare da ita, in ka rage ya ƙanƙance tare da ita, saboda haka tsagogin da ke jikinsa na auna nisa ba sa ƙarya ko'ina ka tsayar da zoben. Wai na Yiddo na baya ne, gicciyensa yana nan ƙato yadda yake, dabbar ce kaɗai ke girma ko raguwa, tsagoginsa kuwa ba sa faɗin gaskiya sai an murɗa zoben har ƙarshe. Duk wannan gaskiya ne, ni ma na sani, ni mai ilimi ne.

Amma Nayib, Allah ya yi masa albarka kamar yadda ku Turkawa kuke cewa, ya gaya maka abin da ba a koya maka a dutse ba. Ya ce, "Taubashi, can kuna harbi daga wannan tudu zuwa wancan da rana tsaka. Nan kurmin itacen kalden ne. Toro yana fito maka a hanci kafin gari ya gama wayewa. Dole ka rage zobe, in ka rage kuma gicciyenka zai koma siririn gashi ya ɓace cikin ƙaya."

Me ka ce masa? "Rufe mana baki, ɗan makarantar allo. Kai da ka gudu daga makarantar gwamnati tun kana zubar da haƙori? Akwai fitila a cikinsa, jar fitila." Aka yi dariya. Yaron nan ya haɗiye, don mai haƙuri ne.

To, ina jar fitilar ranar Lahadi da asuba? Ka kwana kana kunna ta kana nuna wa yaran shanu, batir ya mutu. Mai Rassa ya fito daga ƙaya, kusa har ana jin warinsa. Ka ɗaga bindiga, ka nemi gicciye ka rasa. Mafarauci a nan sauke bindiga yake yi ya koma gida ya sha mate. Kai kuwa girman kai ya ɗana maka kunama. Ka ƙiyasta, ka harba, toron ya juya kai, harsashi ya same shi a muƙamuƙi.

Ya tafi da baki a rataye. Kai ma ka tafi, da jakarka da karyarka, ko sallama babu. Ka bar bindigar a jingine da madubinka mai tsada a kanta.

Kawunka ya ce ba a hura wuta, ba a sake ɗana kunama a kan wata dabba a gandun nan, sai an raba wannan da wahala. Shi da Nayib sun bi jini har ya ƙare musu a ƙasa mai tauri. Babu mai iya ci gaba daga nan sai Mora, Mora kuwa ba ta san muryar kowa ba sai taka.

Saboda haka umarni nake ba ka. Ka hau motar Cholo ranar Alhamis, kai da karyar, ka zo ka ƙarasa abin da ka fara. In ba ka zo ba, babu kai babu jagorar baƙi a nan, kuma rabonka na bindigar nan na ba Nayib, don ya cancanta.

Ka gaida mahaifiyarka. In za ka zo ka karɓo fatay ɗinta, sambusan naman nan masu yawan lemun tsami, ka ba Nayib ya kawo mini.

Ubangidanka,
Don Bautista Errecalde.


Gandun La Porfiada,
Ranar Juma'a.

Zuwa ga Tufic, mai awon alkama.

Gaisuwa a taƙaice. Ina fatan ka tashi lafiya, ka ci ka ƙoshi, ka tauna da muƙamuƙinka biyu lafiya ƙalau. Ba kowa ne ya samu haka ba a makon nan. Ina gaida Doña Zulema.

Cholo ya iso jiya. Na duba gaban motar ban gan ka ba, na duba baya ban ga kare ba, sai tukwanen gas da takarda. Fatay ma babu.

Na karanta. Wai "ranka ya daɗe, kunya ta hana ni haɗa ido da kawuna." Wai ka ajiye aiki. Wai a turo wani ya ɗauki Mora. Wa za a turo? Nayib? Karyar da ta yage masa wando bara a gaban 'yar mai gidan burodi? Ka san sarai ko naman duniya za a ba ta ba za ta sa hanci a ƙasa don wani ba. Kai ka lalata ta, kamar yadda kake lalata duk abin da ka taɓa.

Ajiye aikinka ban karɓa ba. Ba a ajiye aiki da dabba a rataye. Ka zo ka gama, sannan ni in kore ka da bakina, yadda ya kamata.

Yanzu bari in ba ka labarin abin da rashin zuwanka ya jawo, don duk a wuyanka yake.

Ranar Laraba Nayib ya kwance madubinka daga bindigar, ya naɗe shi a tsumma da mutunci, duk da bai cancanta ba, ya mayar da na Yiddo mazauninsa. Ya kafa kwali a jikin shinge ya gyara saiti. Da ka ga yadda gicciyen nan ya fito baƙi ƙirin, mai kauri, da ka yi kuka. Ko da magariba ta rufa kana ganinsa kamar an zana da gawayi.

Jiya da yamma shi da ubansa suka zauna a bakin tafkin gishiri, don kawunka ya ce dabba mai zazzaɓi ruwa take nema. Sai ga Mai Rassa ya fito daga wancan gefen, can nesa, a fili fetal, babu ko ciyawar da mutum zai laɓe ya matsa. Nayib ya kwanta, ya ɗora bindiga a kan jaka, ya auna nisan da ido, ya ce a ransa wannan tsaga ta biyu ce. Ya ɗora tsaga ta biyu a kafaɗar toron. Ya yi bisimilla, ko me kuke cewa. Ya harba.

Iska ce. Ina so ka san wannan tun kafin wani ya kawo maka gulma. Iskar La Pampa ba ta da amana. Harsashin ya bi ta saman bayansa ya tayar da gishiri can gaba, toron ya koma kurmi.

Kawunka, wanda tsufa ya fara sa shi faɗa, bai yarda da iska ba. Ya karɓi bindigar ya duba zoben, ya ce, "Nayib, wannan zoben a ina yake?"

Nayib ya ce, "A tsakiya, Baba."

"Tsagogin nan a ina suke gaskiya?"

"A ƙarshe, Baba."

"To uban wa ya hana ka murɗawa?"

Yaron ya yi bayani mai ma'ana. Ya ce ya rage zoben ne tun suna cikin kurmi, da toron ya fito kuma zuciyarsa ta hau bugu, hannu ya manta. Wannan kowa yana iya yi. Amma kawunka ya cire hularsa ya maka masa a ƙeya, ya ce Allah ya haɗa shi da jakai biyu, ɗaya ya sayi ilimi bai san inda ake amfani da shi ba, ɗaya an ba shi kyauta ya bar shi a gida. Ni ban yarda da rabin maganar nan ba. Rabin da ya shafe ka na yarda.

Na san abin da kake yi yanzu. Kana murmushi a bayan kanta, kana cewa da madubina ne da zoben yana tsakiya ko yana gefe duk ɗaya, da toron ya faɗi. To goge murmushin. Da ba ka fasa masa baki ba, wa zai je harbinsa daga wancan nisa? Nayib kuskure ya yi, harsashinsa gishiri ya ci. Naka nama ya ci. Kuma shi bai gudu wurin uwarsa ba. Yau da sassafe ya sake fita, da ƙeya a kumbure.

Cholo zai biyo gobe da abincin kaji. Kujerar gaba taka ce. In kunya ta hana ka zama a gaba, ka hau baya, Mora ta zauna a gaba, don ta fi ka daraja.

Wassalam, ko yaya kuke rufe takarda.

Don Bautista Errecalde,
wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa.


La Porfiada,
Asabar da yamma.

Tufic,

Ina gaisuwa. Ina fatan mahaifiyarka tana lafiya. Kai ban tambaya ba.

Cholo ya zo shi kaɗai. Ya ce ka karanta takardata ka ninke ka sa a aljihu, ka ce masa, "Ka ce na ji."

Ka ji. To ji wannan ma.

Yau da hantsi an ga Mai Rassa a komin ruwan shanu na famfon iska. Nayib ne ya gan shi, daga kan doki, ba bindiga a hannunsa don ubansa ya karɓe. Toron ya tsoma baki cikin ruwa har ido. Ruwan yana shiga yana fitowa ta gefe. Ya ɗago, ya sake tsomawa. Ƙudaje sun rufe wurin baƙi ƙirin. Haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga nesa. Ya sunkuya kan ciyawa ya tura ta da hanci, ya tsaya yana kallonta. Dabbar da in ta yi ruri karnukan gandu uku ke amsawa, yau numfashinta kamar ana jan zarto. Da ya ji warin doki bai ma yi gudu ba, tafiya ya yi. Nayib ya koma gida bai iya cin abinci ba. Kafin su dawo da bindiga ya shige ƙaya, sawu ya ɓace.

Na yi maka magana ta ubangida, ba ka zo ba. Na yi maka ba'a, ba ka zo ba. Bari in gaya maka abin da ke raina.

Mahaifina ne ya yi kuskure. Ya ga Baturke yana yawo gandu gandu da akwatin talla a kafaɗa, yana sayar da allura da mataji, ya sauke masa akwatin ya ba shi bindiga. Ya ɗauka ana mayar da ɗan talla mafarauci. Ga shi a jika abin ya fito. Jininku na kanta ne. Ku sayi kaya mai ƙyalli, ku yabe shi, in ya ɓaci ku rufe shago ku gudu. Ka zauna inda kake, nan ne wurinku tun asali.

Motar madara tana wucewa ta ƙofarku gobe. Ban ce ka hau ba.

Errecalde.


La Porfiada,
Litinin, bayan azahar.

Zuwa ga Tufic Jalil, a ɗakin baya na gidan kawunsa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ka huta gajiya, yaya ƙafafunka? Yaya tafin Mora, an cire mata ƙayar? Na sa a turo maka wannan ta ƙarƙashin ƙofa don kada a tashe ka daga barcin rana.

Labari ya iso mini nan babban gida cewa ka sauka daga motar madara jiya, ba ka gaida kowa ba sai kawunka. Nayib ya miƙo maka mate ka wuce kamar ba ka ga hannu ba. An ce ka ɗauki bindigar, ka ga madubin Yiddo a kanta, ka nemi abin kwancewa. Kawunka ya ce, "Wanda ya sake taɓa dunƙulen ƙarfen nan sai na karya masa yatsa. Kun mayar da bindigar ubana amarya, kowa da kayan da zai sa mata. Saitinta daidai yake, haka za ta fita." Ka rataya ta a kafaɗa.

Sauran ka fi ni sani, amma ina so ka ji yadda aka gan shi daga baya, don wanda ke gaba ba ya ganin kansa.

An ce da kuka isa komin ruwa yau da safe, ka durƙusa ka kama kan Mora ka yi mata magana a kunne, ta zagaya sau ɗaya ta miƙe kamar an ja ta da igiya. Kun shiga ƙayar da ko alade ba ya shiga. Nayib yana bayanka, reshe yana dawowa yana dukan fuskarsa, kuma yana zargin da gangan kake sakewa. Da ya ce, "Taubashi, a hankali," ka ce, "Wa ke magana? Na ji kamar iskar La Pampa." Ashe labarin iska ya zauna maka. Wannan ba'a ce mai ciwo, amma an yafe.

Mora ta tayar da shi daga ƙarƙashin wani kalden da ya faɗi. Ya fasa ƙaya ya fita tafkin gishiri, ya yi ta tafiya a kan farin fili har ƙarfinsa ya ƙare, ya tsaya can tsakiya, nesa fiye da inda Nayib ya kuskure shi. Ka kwanta. Nayib yana gefenka yana jin numfashinka. Ya ga ka kai hannu kan zoben, ka murɗa shi a hankali har ya tsaya, ka juyo ka dube shi ido cikin ido, ka ce, "Haka ake yi, malam." Sannan ka koma, ka daɗe, ka daɗe har kawunka ya fara motsi. Ka yi bisimilla a fili, ka harba. Toron ya durƙusa a inda yake.

An ce ka jefar da hula ka ruga da wuƙa, gishiri yana fashewa a ƙarƙashin takalminka, ka isa da sauran rai ka yanka. Da suka iso suka same ka zaune ka ɗora kansa a cinya kana kore ƙudaje daga bakin.  Naman ya lalace da zazzaɓi, kawunka ya ce ko kare ba za a ba ba. Rago za a gasa yau da daddare a madadinsa.

To, aiki ya yi kyau. Na janye korar. Rabonka na bindiga yana nan.

Sai dai an gaya mini wani abu da bai yi mini daɗi ba. Wai a hanyar dawowa ka ce wa Nayib gobe da safe za ka ɗaura wa doki sirdi ka zo babban gida da takarduna uku, ka karanta mini ta ƙarshe a fuskata, ka tofa yawu a ƙofata. Wai kafin nan, yau a bakin wuta, za ka karanta wa kawunka ita, ya ji abin da mutumin da ya yi wa bauta tun yana saurayi yake faɗa a kan ubansa. Wai in ya ji ba zai ƙara kwana a gandun nan ba, kai kuma ka kwashi madubinka ka koma Neuquén ba dawowa.

Ina umartarka kada ka zo. Ƙafata ta kumbura, likita ya hana ni ganin mutane. Kuma kada ka nuna wa kawunka, tsoho ne, zuciyarsa ba ta da ƙarfi. Ka ƙona takardun. Umarni ne.

Na sake karanta abin da na rubuta yanzu, na ga ba zai tsayar da kai ba. Na san ka. In aka ce kada ka yi, lokacin ne kake neman takalmi.

Ɗan Gwaggo, Don Bautista bai rubuta maka ko harafi ɗaya ba. Ƙafarsa ce kaɗai gaskiya a cikin zancen nan. Tun da baƙi suka tafi yake kwance da ita a kan matashi, bai san an harbi Mai Rassa ba, bai san ka tafi ba balle ya san ka dawo. Shekaranjiya ma da na kai masa nama cewa ya yi, "Ina Tufic, ya zo ya nuna mini sabon madubin nan nasa mana." In ka je ka tofa masa yawu, bawan Allah zai ɗauka sabuwar gaisuwar Neuquén ce.

Ni ne, Nayib. Ni nake zuwa babban gida in ba dawakai abinci, ofis a buɗe, tsohuwar tafireta tana nan, hatimin da ake buga wa takardun shanu yana cikin aljihun tebur. Da yatsa ɗaya na buga su duka. Takardar ajiye aikinka tana wurina, babu wanda ya gani. Ban san yadda aka yi ba ka gane ba, kai mai ilimi. Wane Don ne zai yabi kyan surata? Wane Don ne zai nemi fatay ta hannuna?

Na farko da na biyu na yi su ina dariya, ban ɓoye maka ba, kuma da za a sake da na ƙara gishiri. Na uku ban yi dariya ba. Na dawo daga komin ruwan nan, na zauna na tambayi kaina wace magana ce za ta ɗaga Tufic daga kujera ko da a mace yake. Na san ta, don ni ma ita ce za ta ɗaga ni. Yiddo kakana ne kamar yadda yake naka. Akwatin tallan nan yana ƙarƙashin gadon Baba har yau, ni nake goge shi duk sallah. Na rubuta, na ba direban madara. Shehin da ya koya mana karatu ya ce ƙarya a bakin wani zunubi biyu ce, na mai yi da na wanda aka ɗora wa. Wannan kam na riƙe, ko da ban riƙe lissafi ba.

Ban ce ka yafe ba. Abu ɗaya nake roƙo: kada Baba ya ji kalmomin nan, ko da sunan Don ko da sunana. In da sunan Don ya ji, zai bar gandun da ya binne ƙarfinsa a ciki. In da sunana ya ji, ban san da wane ido zai sake kallona ba. Ni ka zo ka same ni. Ina rumbun sirdi, ban kulle ƙofa ba, na cire hula don kada ta tare maka. Ka bugi inda ka ga dama, sai dai ka bar ƙeya, ba ta warke ba.

Maganar madubi kuwa ban janye ko kalma ba. A kurmi naka banza ne, ko da fitila goma. A fili kuma, to, na ga abin da na gani, mai mantuwa irina gara a ba shi wanda ba ya bukatar a tuna masa. Baɗi juyina ne. In kana nan, ka ɗaura naka mu zauna a bakin gishiri ka koya mini, in ya so ka yi ta kirana jaki har rana ta faɗi. In ka tafi Neuquén, babu wanda zan zaga, Baba kuma ba ya iya ba'a, duka kawai ya iya.

Ka gaida Mora, ka ce mata wandon nan na yafe.

Naka, ko kana so ko ba ka so,
taubashinka, ɗan makarantar allo,
Nayib Amado Salim.